Sinancin Baba

Aikina buga takardu. Shagonmu ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da magani: kwamfuta biyu, firinta, sai injin fotokofi da ba ya motsi sai an mare shi a gefe. Takardar neman aiki, katin gayyata, rubutun ɗaliban da su kansu ba su san abin da suka rubuta ba, duk sun bi ta yatsuna. Ina da saurin hannu, ina da saurin fushi, mai shagon kan ce ba don na farkon ba da tuni na biyun ya kore ni. Takarda ba ta taɓa gagara ta ba sai da matar Yaya ta aiko da littafin nan.

Mu biyu Inna ta bari, ni da Yaya. Ya tafi ƙasar Sin saro kayan gyaran keken ɗinki, ƙasar ta karɓe shi, ya zauna, ya yi aure, aka haifa masa ɗa namiji. Kullum sai ya ce bana za mu zo, in ba bana ba baɗi. Ciwo na 'yan kwanaki ya ɗauke shi, can aka binne shi. Mu waya kawai aka yi mana.

Lokacin yana da rai, duk Asabar sai ya kira mu ta bidiyo, yaron a cinyarsa. Baba ba ya iya kiran sunan da aka sa wa yaron a can, sai ya ce masa Abokina. Baba ya yi tsokana, Yaya ya juya zuwa Sinanci, yaron ya ba da amsa, Yaya ya juyo mana, a yi ta dariya. Da Yaya ya rasu matarsa ba ta daina kira ba, Allah ya saka mata. Amma babu mai juyawa. Baba ya kai fuskarsa dab da wayar saboda yanar da ta hau idonsa, ya ce, "Abokina, ka ci abinci?" Yaron ya dube shi, ya dubi uwarsa, ya sulale daga kujera. Kowane mako zaman yana raguwa.

Wata rana saƙonta ya shigo. Ita ta rubuta da Sinanci, waya ta mayar Turanci, ni na mayar wa Baba Hausa, don haka kafin magana ta iso gidanmu ta sha hannu. Amma an gane. Yaron ya fara kuka in aka ce lokacin waya ya yi. Ba ta so ta tilasta masa har ya tsane mu. Za ta sake zaunar da shi ƙarshen wata mai zuwa, in bai zauna ba, sai a bar shi ya ƙara girma.

Raina ya ɓaci. Na ce, "A bar shi ya girma? Idonka zai jira shi ne, ko ƙarfinka?"

Baba ya ce, "Gaskiya ta faɗa, Auta. Ke za ki zauna gaban tsohon da ba ki jin abin da yake cewa?" Ya shiga murza gefen teburin keken ɗinkinsa, wanda ya daina hawa tun da zare ya daina shiga masa allura. Can ya ce, "Tambaye ta, me ubansa yake masa da ya fi so?"

Abin da ta aiko shi ne littafin. Ɗan littafin yara ne, labarin wani ɗan akuya da ƙararrawar wuyansa ta ɓace, ga hotuna manya, layi ɗaya ko biyu a ƙasan kowane hoto. Ta ce shi Yaya yake karanta masa kafin barci, kuma tun da ya rasu yaron bai yarda kowa ya karanta masa shi ba. Ta ɗauki hoton shafukan ta haɗa su a fayil ɗin PDF. Ina jin don mu gani ne kawai ta aiko.

Baba ya ce, "Zan karanta masa."

"Da wane yaren?"

"Da nasa. Ke dai ki girmama mini rubutun yadda zan gani."

Na so in yi dariya, da na dubi fuskarsa na haɗiye. Na ce gobe-goben nan zan kawo masa. A raina na ce aikin minti nawa ne, a kwafa a manna a ƙara girma.

Washegari na buɗe littafin a kwamfutar shago, na ja layin farko, na kwafa, na manna a shafin da nake bugu. Sai ga 'yan akwatuna a jere, babu komai a cikinsu. Na goge na sake, akwatuna. Na canja salon haruffa tun daga na sama har na ƙasa, akwatunan suka yi ƙiba, suka rame, suka karkace, amma dai akwatuna ne.

Na leƙa na kira mai gyaran waya, wanda muke ce wa Injiniya don ya ji daɗi. Ya shigo da tumbinsa ya ture ni daga kujera.

"Malama, kwamfutarki ba ta san yaren ba ne. Sai an zuba mata haruffansu."

Ya zuba. Na sake mannawa, haruffan Sinanci suka fito, na ce alhamdulillahi. Da na kara su da na littafin, sai na ga ba su ba ne. Wasu sun yi daidai, wasu baƙi ne daga wani wuri, ga alamar tambaya jefi-jefi a tsakani. A littafin akwai ƙananan haruffan boko a saman kowane harafi masu nuna yadda ake furta shi. Su kuma sun zubo ƙasan shafi sun dunƙule wuri guda, 'yan alamomin kansu duk sun kaɗe.

Injiniya ya ce ai hoto ne ba rubutu ba, kwamfutar cinta take yi. Ya kai fayil ɗin wani shafin intanet da ke juya takardu. Abin da ya dawo, ɗan akuya ne an raba shi biyu, rubutu a kan cikinsa. Muka gwada kyamarar waya. To, ashe yaron ya riga ya bi shafukan da fensir mai kala ya yi ta zane a kan layukan, wayar ta haɗa zanen da rubutun ta ce mini wai ɗan akuyan yana neman lasisin tuƙi. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ya tashar mini daga kujera kafin in huce a kansa.

Kwanaki ina wannan fama, aikin mutane yana taruwa, mai shagon yana harara. Kullum na dawo gida Baba yana zaune a bakin ƙofa, da ya ji takuna sai ya ce, "An samu?" In ce tukuna. Ranar da na gaji na ce masa, "Baba, mu roƙe ta ta karanta ta ɗauki muryarta ta aiko. Ka saurara ka haddace, magana ta ƙare."

"A'a."

"Don me?"

"Matar da ba ta gama kukan mijinta ba, ki ce ta zauna ta karanta mana abin da yake karantawa? Ina kunyarki, Auta? Kada ma ki gaya mata abin da muke ciki."

Na yi ta mita har na gama wanke-wanke.

Hanya ta fito ne bisa tsautsayi. Na yanko harafi ɗaya tak daga hoton, na girmama shi har ya cika fuskar kwamfutar, na nuna wa waya. Ta gane shi, har ta faɗi sunansa da muryar wata mata. Na gwada wani, ta gane. Layi guda yana ruɗa ta, amma harafi ɗaya-ɗaya ba ta kuskure. Shi ke nan, na zauna na yi ta yanka ina mannawa. Na zana gidaje a kwance, kowane harafi da gidansa, babba kamar tafin hannu, a ƙasansa na bar gida fanko. Layi ɗaya, takarda ɗaya. Na sa lamba a saman kowace takarda don kada su cakuɗe, don Baba ya san lambobi tun daga tef ɗin awo.

Boko ne bai yi ba. Duk rayuwarsa da ajami yake rubuta awon mutane da sunayensu. Don haka muka shirya: in sa waya ta faɗi harafi, shi ya rubuta abin da ya ji da ajami a gidan da ke ƙasa.

Ranar farko, da la'asar, na shimfiɗa takardun a tabarma na ɗauki ta ɗaya zan fara. Ya dafa hannuna. Ya bi takardun da ido a kusa-kusa, yana taɓawa.

"Wannan mai kama da tsani, ga shi nan, ga shi nan, ga shi can kuma. Wannan mai buɗaɗɗen baki shi ma ya fito da yawa."

"To, sai me?"

"Ke ba ki yi ɗinki ba. In aka kawo miki riguna da yawa iri ɗaya, ba ki gama ɗaya ki koma ɗaya. Hannuwa duka za ki yanka, sannan wuya duka. Sa mini mai tsanin, in cika shi ko'ina."

Haka muka yi, kuma wallahi ya fi sauri. Mu ɗauki harafi, matar cikin waya ta faɗa, Baba ya karkata kunne, ya ce a sake, ya maimaita, sannan ya bi takardun duka yana rubuta shi duk inda ya gan shi. Kunne gare shi. Shi ya fara lura cewa muryar tana hawa a wani, tana sauka a wani, a wani kuma ta nitse ta taso. Ya sa na sayo masa jan biro yana yi musu alama irin tasa. Gidajen suka yi ta cika nan ɗaya can ɗaya, har ranar da babu sauran fanko. Ba mu taɓa bin layi ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa tare ba.

Daga nan aiki ya koma nasa. Ni ina shago, shi yana gida da takardunsa yana hadda. Maƙwabciyarmu ta tare ni a hanya ta ce, "Lafiya Baba kuwa? Tun safe muke jin sa yana wani yare, yarana har sun fara kwaikwayo." Na ce ta bar su su koya, kyauta ne. In na dawo da yamma sai ya ajiye takardun a gefe ya rufe ido ya kawo mini da ka, yana ɗan rangaji. Ni me na sani? Na ji abu yana hawa yana sauka kamar na matar cikin waya, na ce, "Baba, kai da su babu bambanci." Ya ji daɗi. Tun rasuwar Yaya ban ga yana cinye abincinsa ba sai a kwanakin nan.

Ranar ta zo. Da hantsi ne a wurinmu, su kuma yamma. Baba ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau da hula, har da turare, na ce masa wayar ba ta kai ƙamshi. Na jingina ta a kan teburin keke, na zauna a gefensa, takardun a cinyarsa.

Matar Yaya ta fito, ta rame. Ta ɗan sunkuyar da kai ta gaishe shi, ta jawo yaron ta zaunar. Ya zauna a karkace, yana wasa da igiyar rigarsa, ko kallonmu bai yi ba.

Baba bai ce Abokina ba, bai ce komai da Hausa ba. Ya gyara murya ya fara.

Duk kwanakin nan ina jin sa, amma sai a lokacin, da ya sassauta murya yadda ake yi wa yaro, na ji Yaya. Muryarsu ɗaya ce, ban taɓa lura ba sai da yaren ya fito daga bakin Baba. Yaron ma ya ji. Ya saki igiyar, ya juyo gaba ɗaya, bakinsa a buɗe. Sai ya diro daga kujera ya ruga. Na ce a raina shi ke nan. Kafin in numfasa ya dawo da littafin a hannu, ya hau kujera da kansa, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layi. Uwarsa ta toshe bakinta da hannu.

Baba ya ci gaba. Ya ajiye takarda ta ɗaya, ya ɗauki ta biyu.

Yatsan yaron ya matsa kaɗan ya tsaya. Ya koma baya. Ya ɗago ya dubi Baba, ya dubi littafin, ya buɗe shafi na gaba, ya dawo. Ya dubi uwarsa. Na ga goshinsa ya tattare. Baba ba ya ganin wannan duka, shi dai inuwa yake gani a wayar, kuma inuwar ba ta tashi ba, don haka ya ƙara sakin murya.

Yaron ya faɗi wata magana da ƙarfi. Ya rufe littafin ya rungume shi a ƙirji, ya sauka ya tafi. Muka ji an bugo ƙofa, muka ji kuka daga ciki.

Baba ya tsaya. "Me ya ce?"

Matar Yaya tana rubutu tana share ido da bayan hannu. Saƙon ya shigo. Wai yaron ya ce wannan ba labarin ubansa ba ne. Wani saƙon ya biyo baya: kowane sauti daidai ne, ta yi mamaki ƙwarai, amma daga ƙarshen layi Baba yake farowa yana komawa farko.

Na dubi takardar da ke cinyar Baba. Yatsansa yana nan inda ya tsaya, ya taso daga dama yana tafiya hagu, yadda ya yi karatu tun yana yaro, yadda ajamin da ya rubuta da hannunsa yake tafiya. Na ji haushin kwamfutar, na ji haushin wayar, na ji haushin kaina, na rasa wanda zan zaga.

"Auta, na ce me ya ce?"

Na gaya masa. Ban rage komai ba, don in na rage zai gane.

"Duka layukan?"

"Duka, Baba."

Ya ɗage yatsansa daga takardar. Sannan ya yi 'yar dariya mara sauti ya ce, "Ashe a baibai na ɗinke rigar." Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. "Ki ba ta haƙuri. Ki ce na taɓa wa yaro abin ubansa na ɓata."

Ni na yi kukan, shi bai yi ba.

Gyaran bai ci mini ko wuni guda ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na juya gidajen a kwamfuta, na farko ya koma dama, na ƙarshe ya koma hagu, na buga sababbi, ya sake cika ajaminsa. Yanzu in ya bi yadda ya saba, daidai ne. Amma haddar farko ta riga ta zauna. Ya faro layi daidai, kafin ya kai tsakiya harshensa ya zame ya koma tsohuwar hanya, ya yi tsaki ya sake. Na ce ya huta, ya ce in kula da aikina. Idon kuma yana ƙara rufewa, har na koma buga harafi uku-uku a takarda. Abincin ya koma yadda yake a da, ya taɓa ya ture.

Ya ɗauki watanni. Ranar da ya kawo shi tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, na rubuta wa matar Yaya ba tare da na tambaye shi ba. Na ce ya gyara, ko za ta gwada mana sau ɗaya. Ta ce za ta yi ƙoƙari, amma ba ta yi alkawari ba, don tun ranar yaron ya ɓoye littafin, ko ita ba ta san inda ya sa shi ba.

Ranar Asabar ta kira. Baba ya sa rigar nan da hular. Na jingina wayar. Ita kaɗai ce, kujerar gefenta babu kowa. Ta waiwaya ta kira sunansa, ta sake kira, ta jira. Ta juyo ta girgiza mini kai a hankali. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riga ya fara.

Wannan karon na gane daidai ne ba tare da na san kalma ko ɗaya ba, don leɓunanta suna bin sa. Tana riga shi kaɗan, shi yana cim mata. Hawaye suna zuba ba ta share ba. Ya wuce takarda ya wuce takarda, har ya kai wajen tsakiya, sannan ya dakata ya kai fuskarsa kusa da wayar yana ƙifta ido.

"Auta, ya zo?"

Na dubi kujerar. Na dubi ƙofar da ke bayanta, a rufe.

"Bai zo ba, Baba. Ita kaɗai ce."

"Tana ji?"

"Tana ji. Kuka take yi."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba ya gyara takardun a cinyarsa.

"To, bari in ƙarasa mata," ya ce, ya ɗauki ta gaba.